Wa zai rubuta labarin yarinyar da ke gudu da hijabinta?

Wata Asabar da la'asar muna zaune a tsakar gida a nan Bauchi, ina tsintar shinkafa, sai 'yata mai shekara tara ta kawo mini wani ɗan littafi mai hotuna da ƙanena ya zo mata da shi tsaraba daga Abuja. Da Turanci aka rubuta shi, ta ce in karanta mata da Hausa don kakarta ma ta ji. Labarin wata ƙaramar yarinya ce, Faizah, wadda yayarta Asiya ta fara sa hijabi a ranar farko ta komawa makaranta, hijabi shuɗi kalar teku. Wasu yara suka yi ta nuna ta suna dariya, ita kuwa ƙanwar kallon gimbiya take yi wa yayarta. Ina karantawa ina juyawa, Inna na gefe a kan tabarma tana gyaɗa kai.

Da muka gama yarinyar ta tambayi wadda ta rubuta. Na lalubo mata hoton a waya: mace cikin fararen kaya tun daga wuya har idon sawu, siririn takobi a hannu, hular ƙarfe mai raga a hammata, hijabi a kanta. 'Yata ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Mama, da hijabinta take faɗa?" Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta nesanta ta da idonta yadda tsofaffi ke yi, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Musulma ce wannan?" Na ce Musulma ce. Ta ce, "Kuma iyayenta suka bar ta?"

Tambayar Inna ce ta sa ni wannan rubutu.

Sunan matar Ibtihaj Muhammad, an haife ta a 1985 a jihar New Jersey ta Amurka. Mahaifinta ɗan sanda ne, mahaifiyarta malamar makaranta. Tun tana ƙarama take wasanni, amma kullum da damuwar kaya: sauran 'yan mata da gajeren wando, ita da dogo, kowa na kallonta. Wata rana suna wucewa a mota mahaifiyar ta hango ta taga wasu ɗalibai suna wasan takobi a wata makaranta, jikinsu a rufe ruf. Ba ta san dokokin wasan ba, suturar kawai ta gani ta ce wannan ya dace da 'yarta. Ibtihaj na da shekara 13 ta fara. A 2016, a gasar Olamfik ta birnin Rio a Brazil, ta zama mace ta farko da ta wakilci Amurka sanye da hijabi, kuma ita da abokan wasanta suka ciwo lambar tagulla. Ashe amsar Inna ta wuce "sun bar ta". Uwar ce da kanta ta nemo mata hanyar.

Amma lambar tagullar nan ba ta taɓa shigowa gidanmu ba. Wa ke kallon wasan takobi a Bauchi? A gidajen kallon ƙwallo na Wunti da Yelwa ana musun Arsenal da Barcelona har dare ya raba, ban taɓa jin an ambaci sunanta ba. Abin da ya shigo gidanmu, shekaru bayan an kashe fitilun Rio, littafi ne. Bayan gasar ta koma rubutu. A 2018 ta fitar da tarihin rayuwarta mai suna Proud, a 2019 kuma wannan na yara, The Proudest Blue, wanda ta sa wa yaran cikinsa sunayen 'yan'uwanta mata. A na manyan ba nasara kaɗai ta ba da labari ba. Ta faɗi yadda ta gama jami'ar Duke ta rasa aiki, yadda ta ji kaɗaici a cikin tawagar ƙasarta, da fargabar da ta riƙa danne ta kafin ta shiga fili. Abin da take nanatawa shi ne yarinya tana buƙatar ganin mai kama da ita a wuri kafin ta yarda cewa wurin nata ne. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin na gani da idona a fuskar 'yata.

Ni ma na yi gudu. Ba ni da lambar komai, amma a makarantarmu ta 'yan mata ni ce mai karɓar sanda ta ƙarshe a tseren miƙa sanda na gidanmu. Har yau ina tuna ranar inta-haus ɗin ƙarshe da na yi, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai na makaranta: an zuba farar ƙasa an ja layi a kan fili mai tsakuwa, na cire silifas don sun fi ba ni wahala, na tattare hijabina na ɗaure shi a ƙugu da ɗankwali don kada iska ta cika shi. Sanda ta zo hannuna muna na uku. Ban san yadda aka yi ba, na dai ji ihun 'yan gidanmu na kusantowa, na ji ƙirjina kamar zai tsage, na ga babu kowa a gabana. A rayuwata ban taɓa jin cewa jikina nawa ne, mai ƙarfi, mai yi mini biyayya, kamar a wannan minti ɗaya ba. Aka ba ni bokitin roba da sabulu.

Da hutu na kai bokitin gida ina murna. Goggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke da kika fara zama mutum, gudu kike yi a gaban jama'a? Wa zai auri doki?" Da dare Baffa ya kira ni, a natse, ba faɗa. Ya ce, "Kin girma. Ki bar wannan, ki kama karatunki." Na ce to. Inna na zaune ba ta ce uffan ba. Shekarata 14. Daga ranar ban sake gudu ba, ko ruwa ne ya tare ni a hanya sai dai in jiƙe.

Ba na zargin Baffa, Allah ya jiƙansa. Ba na kuma cikin masu kiran tsoron iyayenmu jahilci. Uban da ya ƙi 'yarsa ta tafi gasa wani gari da koci namiji, ta kwana inda bai sani ba, yana da hujja. Labaran masu horarwa da suka ci amanar yara mata ba a nan kaɗai suke ba, a Amurka ma an ɗaure likitan tawagar 'yan wasan alkafura mata a 2018 bayan 'yan mata sama da 150 sun ba da shaida a kansa. Uwar da ba ta son a jera 'yarta da ɗan kamfai a gaban maza ita ma tana da gaskiya, kuma ni ma ba zan yarda a yi wa tawa ba. Inda na rabu da su shi ne abin da muka yi da tsoron. Mahaifiyar Ibtihaj tsoronta iri ɗaya ne da na Goggo. Ita ta tashi neman wasan da za a yi cikin sutura, mu kuwa muka ce a bar wasan gaba ɗaya, muka huta.

Akwai kuma maganganun da ba su da tushe, waɗanda ya kamata mu daina gadar wa 'ya'yanmu. Ana cewa gudu na zubar da mahaifa, yana hana haihuwa, yana mayar da mace namiji. Faith Kipyegon ta Kenya ta ci zinaren mita 1500 a Olamfik ta 2016, ta haifi 'yarta a 2018, ta dawo ta sake cin zinare a Tokyo, ta kuma ci na uku a Faris a 2024. Wannan a nesa ke nan. A kusa kuwa, mu leƙa bakin kasuwar Muda Lawal da hantsi mu ga 'yan matan Fulani da suka taso daga ruga tun asuba da ƙwaryar nono a ka. Mu dubi yarinya 'yar shekara goma da farantin talla tana zaga unguwa uku cikin ranar watan Afrilu, ko wadda ke jan guga a rijiya mai gaba goma, ko mai surfen gero har tafin hannunta ya yi kanta. Ban taɓa jin an ce wannan zai lalata mata mahaifa ba. Mun yarda jikin yarinya ya wahala matuƙar wahalar za ta kawo kuɗin cefane. Sai ranar da za ta motsa shi don jin daɗin kanta muke tuna cewa mace rauni gare ta. Kuma in maganar idon maza ce, mai talla a tasha ta fi mai gudu a filin makarantar mata shiga haɗari nesa ba kusa ba.

Da can ma ba haka muke ba. Wadda duk ta tashi a unguwa ta san dandali da farin wata: gaɗa, da tsalle a faɗa hannun ƙawaye su cafe, da 'yar gala-gala, da tsallen igiya, da ɓoyo. Gumi muke yi sharkaf. Yanzu dandalin ya zama shago ko gareji, yara sun koma ɗaki da waya, ba mu kuma kawo komai a madadinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, kuma wani binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa samun hakan. Sakamakon muna ganinsa a layin asibiti. Mace ta kai arba'in da biyar, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gwiwa, likita ya ce, "Hajiya, sai kin riƙa motsa jiki." Ina za ta fara, bayan shekara talatin ana gaya mata cewa ko saurin tafiya rashin kamun kai ne? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun addini kuwa, ni ba malamar addini ba ce, amma a Islamiyya aka karantar da mu hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi. Bayan wani lokaci, da ta yi jiki, suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Matar aure ce a lokacin, Uwar Muminai. A ruwayar an ce ya sa sahabbai su yi gaba kafin su yi tseren, kuma a nan darasin yake a wurina: ba hana gudun aka yi ba, wuri aka gyara masa. Abin da malamai ke tsawatarwa a kai tsiraici ne da cakuɗa, kuma duka biyun katanga da tela na maganinsu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda 'yan'uwanmu mata a wasu ƙasashe suka sha gwagwarmaya don a bar su su yi wasa da hijabi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta hana shi a 2007. A 2011 aka hana tawagar matan Iran buga wasan neman shiga Olamfik saboda lulluɓin kansu. Sai a 2014 aka ɗage dokar, ƙwallon kwando kuma sai 2017. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya da hijabi. A 2024 Faransa ta hana nata 'yan wasan sa shi a Olamfik ɗin da ta karɓi baƙunci, amma a filin rufe gasar Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, ta hau ta karɓi zinaren gudun famfalaki da hijabi a kanta. Su ana ce musu su zaɓa, ko hijabi ko fili, suka ce duka biyun suke so. Mu a Bauchi da Gombe babu mai cire wa yarinya hijabi. Filin muka ɗauke mata da hannunmu.

Ƙasar nan kuwa matanta ne ke fitar da ita kunya. Chioma Ajunwa ce ta ciwo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Atlanta a 1996. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge a 2022. A Yulin 2025 Super Falcons, tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma a Maroko. Asisat Oshoala, Musulma 'yar Ikorodu, sau shida tana zama gwarzuwar Afirka, kuma ta sha faɗa cewa da farko iyayenta ba su so ba. Akwai Halimatu Ayinde, ita ma 'yar ƙwallo, haifaffiyar Kaduna. Amma in ka bi sunayen, da ƙyar za ka ga 'yar wannan yanki namu, ba don ƙafar 'yar Azare ko Kaltungo ta fi ta 'yar Legas gajarta ba. Ban ma damu sosai da zinare ba. Cikin yara dubu ɗaya ce za ta kai can. Sauran ɗari tara da casa'in da tara nake ji, waɗanda abin da za su samu shi ne lafiya, da ƙarfin zuciya, da sanin yadda ake faɗuwa a tashi, da yadda ake miƙa wa 'yar'uwa sanda.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Yawancin makarantun 'yan mata na kwana suna da katanga da fili, sai dai filin ya zama ciyawa. Kwalejojin ilimi na Azare da Kangere da Gombe suna yaye malamai mata kowace shekara, a ba wasunsu horo su riƙe darasin motsa jiki, kada a bar shi a kan allo ana zana filin da ba a taɓa takawa ba. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙin duniya a gasar matasa ta 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Me zai hana a ware safiya ɗaya a mako, a nan da filin Pantami na Gombe, mata zalla, masu tsaron ƙofa mata, uwa ta zo da 'yarta? Kayan kuwa telan unguwa zai ɗinka: dogon wando, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi mai kama kai.

Sai dai ko an gyara filin, babu mai zuwa in Goggo ba ta sauya ra'ayi ba, kuma Goggo ba ta sauya ra'ayi da takardar gwamnati. Da labari take sauyawa. Mu kuwa nan ne ƙarfinmu yake. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, mata suke karantar da mata da rubutu: ta tsara waƙoƙi, jajojinta, wato matan da ta horar su koyar, suka ɗauka suka shiga ƙauyuka, ɗalibansu mata da ake kira 'yan taru suka haddace. Tun shekarun 1980 matan Arewa ke rubuta littattafan da ake karantawa a ɗaki da rediyo, yanzu kuma sun koma WhatsApp da Facebook, shafi-shafi, dubban mata na jiran ci gaba kowane dare. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta nuna yawan alƙaluman da ke ɓoye a gidaje. Na ga yadda waɗannan labarai suka yi aiki. Da can tauraruwar littafi kyau kawai gare ta da iya girki da turaren wuta. Da marubuta suka fara mayar da ita likita da lauya, sai ɗalibaina suka fara cewa su ma abin da za su zama ke nan, iyayensu mata kuma, da suka karanta littafin tare da su, ba su ga aibu ba. Amma duk karance-karancena ban taɓa cin karo da tauraruwar da ke gudu ba, ko mai buga ƙwallon hannu, wadda take salla a kan lokaci, take girmama iyayenta, ta yi aure ta haihu, ba a kuma hukunta ta a ƙarshen labari saboda ta yi wasa ba.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Akwai matan da suka wakilci makarantunsu da jihohinsu a gudu da ƙwallon hannu da ƙwallon raga, yanzu suna nan cikinmu, wasu malamai, wasu ma'aikatan jinya, wasu kakanni, lambobinsu na cikin akwati ƙarƙashin zannuwa. Su ya kamata su faɗa. In sun ce ba su iya rubutu ba, Ibtihaj ma ba ita kaɗai ta rubuta nata ba, kowane littafi da marubuciyar da ta kama mata, na yaran kuma da mai zane. Marubuciya ɗaya ta ɗauki waya ta je ta zauna da tsohuwar 'yar wasa yini biyu, littafi ya samu. Kuma da Hausa nake so, ba fassarar labarin New Jersey ba. Takobi da hular raga ba namu ba ne. Namu fili ne mai tsakuwa, da farar ƙasa, da bokitin roba.

Zangon karatu mai zuwa 'yata za ta yi inta-haus ɗinta na farko a tsere. Mahaifinta ya yarda bayan ya je ya ga filin da malamar da ke kula da su. Na shiga kasuwar Wunti na yanko yadi mai laushi na kai wa tela. Ranar da aka kawo ɗinkin ta sa, ta zaga tsakar gida a guje har ta ture buta. Na dubi Inna, gabana na faɗuwa, ina jiran irin maganar Goggo.

Inna ta ce a ɗan rage tsawon wandon, zai harɗe ta. Ta yi shiru, can ta ce su ma a ƙauyensu, wajen Dass, in sun ɗebo ruwa a rafi tsere suke yi zuwa gida da tulu a ka, kuma ba wadda ta riga isa ce ta ci ba, sai wadda ta riga isa ruwanta bai zube ba. Ta ce shekara uku babu yarinyar da ta karɓe mata, har aka yi mata aure. Ta faɗi sunayen waɗanda take wucewa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun rasu.

Shekara arba'in ina tare da matar nan ban taɓa jin wannan ba. Na tashi na ɗauko littafin rubutu cikin jakar makarantar 'yata, na dawo na zauna a bakin tabarmar, na ce, "Inna, sake faɗa mini tun daga rafin."